Tarihin horon kare a ƙasar Hausa, da abin da Durwa ya jawo mini (Zare)

1/ Zarenmu na yau a kan kare ne. Na san wasu har sun yamutsa fuska, a daure a karanta zuwa ƙarshe. Shekara uku ke nan ina da kare a gida. Ya kai ni gaban mai unguwa, ya kuma sa na tono wani ilimi na kakanninmu da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato horar da kare.

2/ Ga yadda abin ya faro. Muna zaune a sabuwar unguwa a bayan garin Kano, kangwaye sun fi gidajen da ke da mutane yawa. Cikin wata huɗu ɓarayi suka haura mana sau biyu. Na farko suka ɗauke janareta da batirin sola, na biyu babur. Uwargida ta ce ita kam ta gama kwana a gidan nan sai an yi wani abu. Kuɗin mai gadi babu. Sai na sayo ɗan kwikwiyo.

3/ Mai sayarwa ya rantse mini tsantsar Alseshan ne, irin karen 'yan sanda. Da ya fara girma muka ga ashe ruwa biyu ne, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na sa masa suna Durwa, sunan wani karen farauta na kawuna da na sani tun ina yaro.

4/ Shawarar da aka ba ni a majalisa ita ce in kulle shi a keji wuni guda, kada ya ga kowa, kada ya saba da kowa, sai dare a sake shi. Wani har cewa ya yi in riƙa barbaɗa masa barkono a abinci, wai don ya yi zafin rai. Barkonon dai ban yi ba, amma kullen na yi. Allurar rigakafi kuwa, kullum sai in ce gobe.

5/ Yana wata takwas, wata ranar Juma'a aka manta ba a sa sakatar keji ba. Ɗan maƙwabcina mai shekara bakwai ya shigo ɗaukar ƙwallo. Durwa ya cafke shi a ƙwauri. Ciwon ba wani babba ba, haƙora biyu ne suka shiga. Amma tambayar farko a asibiti ita ce: an yi wa karen allura? Na sunkuyar da kai.

6/ Nan take aka fara yi wa yaron alluran rigakafin haukan kare, aka ce a tsare karen kwana 10 a ga ko zai canza. Wallahi ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Allah ya kiyaye, kare lafiya lau, yaro ya warke. Mai unguwa ya ce, "Malam, ko dai ka iya da karenka, ko ka fitar mana da shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne."

7/ Na saka Durwa a bayan a-kori-kura sai ƙauyenmu a ƙasar Katsina, wajen kawu, tsohon mafarauci, da niyyar in bar masa shi. Ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ba mugu ba ne, jahili ne. Kai ka hana shi karatu, kuma ka zo kana ƙararsa." Wannan maganar ce ta sa na shiga bincike.

8/ Mu koma can baya. Kare ne dabbar farko da ɗan Adam ya saba da ita, tun kafin akuya da tunkiya da saniya, tun kafin noma ma. Asalinsa daga kyarkecin Turai da Asiya ne. A 1914 aka tono wani kabari a Oberkassel, kusa da birnin Bon na Jamus. Mace da namiji da ɗan kare, an binne su tare kimanin shekara 14,000 da suka wuce.

9/ Haƙoran ɗan karen sun nuna ya sha doguwar jinya yana ƙarami, irin cutar da ba ya tsallake ta sai da wanda ya riƙa ba shi ruwa da abinci yana gyara masa makwanci. Kun ga tun wancan zamani riƙon kare wahala ne, kuma akwai waɗanda suka ga ya cancanci wahalar.

10/ Shaidar horo kuwa tana ƙasar Saudiyya. A Shuwaimis da ke yankin Ha'il akwai zane a jikin duwatsu da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000: maharbi ya ɗana baka, karnuka 13 kewaye da shi, biyu daga ciki an ja musu layi daga wuya zuwa ƙugun maharbin. Igiya ke nan. Da na nuna wa kawu hoton a waya sai ya ce, "Waɗannan biyun sababbi ne, koyo suke." Masu binciken ma sun kawo wannan fassarar.

11/ A Afirka kare baƙo ne. Ta Masar ya shigo daga Gabas ta Tsakiya, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, ya bi makiyaya da maharba ya ratsa Sahara lokacin tana da ciyawa da tafkuna. Zanen duwatsun Tasili a kudancin Aljeriya yana nuna mutane da shanunsu da karnukansu.

12/ Wani sarkin Masar mai suna Intef na Biyu, fiye da shekara 4,000 baya, ya sa an sassaƙa hotonsa tare da karnukansa, kowanne an rubuta sunansa. Dutsen yana gidan tarihi na Alƙahira. Ɗaya daga cikin sunayen, Abaƙer, masana suna danganta shi da kalmar da Abzinawa ke kiran wani nau'in kare da ita. Ashe karnukan Sahara sun daɗe da shiga fada.

13/ 'Yan uwanmu na Nijar sun san karen Azawak, mai sunan kwarin nan da ke arewa da Tawa har cikin Mali. Siriri, doguwar ƙafa, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Yana korar zomo da barewa a fili, da dare kuma ya tsare tanti da dabbobi. Buzaye ba sa wasa da shi.

14/ A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin cikakken jerinta. Wato su suna neman namu, mu kuma muna sayo Kokeshiyan, mai gashin da aka halitta don dusar ƙanƙara, mu ɗaure shi a ƙarƙashin kwano a zafin watan Afrilu na Kano. Haba jama'a!

15/ To mu dawo gida. Ka tambayi tarihin garuruwanmu da yawa, za a ce maka wani maharbi ne ya fara sarar wurin. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna Barbushe na dutsen Dala a matsayin gawurtaccen mafarauci mai kashe giwa.

16/ Littafin ya kuma ambaci kare, sai dai a wani muhalli daban. Idan lokacin bautar Tsumburbura ya zo, mutane kan taru a gindin Dala, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. A ganina wannan alaƙa da tsafi tana cikin abin da ya ɓata wa kare suna a birni bayan Musulunci ya kafu. Ra'ayina ne wannan.

17/ Amma a karkara kare ma'aikaci ne. Bayan girbi, daji ya bushe, Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ya sa rana. A yi gayya, ƙauyuka su haɗu, makaɗa na zuga 'yan tauri, kowa da gorarsa da addarsa da karnukansa. Zomo, gada, kurege, gafiya, dila, damo. Kawu ya ce rabin rigimar da ake yi a dawa a kan tambaya ɗaya ce: karen wa ya fara kamawa?

18/ Harshenmu ma ya adana fuskokin nan biyu. Mu ne ke zagi da kare, mu ce an yi kare jini biri jini, mu ce wane yana cin karensa babu babbaka. Mu ne kuma muka ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Wanda ya ƙirƙiri wannan karin maganar ya san duk shekara sai an tashi sabon kare an koya masa aiki.

19/ Yanzu ɓangaren da na san ana jira. Ba fatawa zan bayar ba, tarihi nake kawowa, hukunci a je wajen malamai. Wangarawa sun kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma mazhabar Malikiyya ce ta zauna a ƙasar nan. Littattafanta da ake karantawa a zaurukanmu suna da babi guda a kan farauta.

20/ Tushen babin aya ta 4 ce a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa mai su, idan ya ambaci sunan Allah. Kalmar da aka kira mai horon da ita a ayar daga sunan kare aka ciro ta a Larabci. Ku lura da kyau: shari'a ta raba kare biyu, horarre da wanda ba horarre ba.

21/ Dole malamai suka zauna suka fayyace mene ne horo. Suka ce horarren kare shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya hanu, in an kira shi ya dawo. Shafi'iyya da Hanafiyya da Hanbaliyya suka ƙara da cewa kada ya ci abin da ya kama. Imam Malik bai sa wannan cikin sharaɗi ba.

22/ Idan kuwa kare ya tafi don ra'ayin kansa ya kashe zomo, ba kai ka sake shi ba, naman bai ciwu. Haka in ka tarar da wani baƙon kare a kan naman, ba ka san wanne ya kashe ba, kamar yadda ya zo a hadisin Adiyyu bin Hatim. Kun ga halaccin abincin mafarauci ya rataya ne a kan biyayyar karensa.

23/ Maganar najasa kuwa, a mashhurin Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki, sun ɗauke shi bin umarni ne kawai. Shafi'iyya su ne suka ce najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Da yawanmu mun taso da fahimta ta biyun ba mu san akwai ta farkon ba.

24/ Wannan ba ya nufin ƙofa a buɗe take. Hadisai ingantattu sun nuna wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ladansa na raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Akwai kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duka biyun namu ne.

25/ Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ta hana riƙe kare a gidajen birni da na ƙauye in ba don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci ba. Amma masu sharhin littafin sun kawo wani labari da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

26/ Wai katangar gidan Malam Ibn Abi Zaid ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Aka ce masa, Allah gafarta Malam, ai Malik ya ƙi wannan. Ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki mai cizo zai ɗaure. Malamai da dama daga baya sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona. Ni da aka haura wa katanga sau biyu, na fahimci Malam sarai.

27/ A Bagadaza ma wani malami, Ibn Marzuban, wanda ya rasu a 921, littafi guda ya rubuta yana fifita karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi, saboda riƙon amana. Ba ni na faɗa ba fa, kada a zo mini.

28/ To ina ilimin ya tafi? Na farko, daji ya tafi. Turawa sun yi dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, an keɓe dazuzzuka irin Yankari tun 1956. Sai farin shekarun 1970 da na 1980, jama'a ta ƙaru, inda ake korar gada ya zama gona, gona ta zama fuloti. Yau mafarauta sai sun cika mota da karnuka sun yi tafiya mai nisa.

29/ Na biyu, mun koma birni. Karen da ɗan birni ya sani shi ne na bola, mai ƙazuwa, wanda yara ke jifa. Na uku kuma shi ne mafi muni: ciwon haukan kare. A Nijeriya an fara rubuta shi a jikin mutum a 1912, a jikin kare a 1925. A farkon shekarun 1940 aka yi dokar karnuka, mai maganar lasisi da kama masu yawo idan cutar ta ɓulla.

30/ Maganin ya daɗe da samuwa. Ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar farko a Faransa, ya rayu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, ta fara yin rigakafin karnuka tun shekarun 1950.

31/ Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana, sai dai addu'a. In kare ya ciji wani: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

32/ A cikin wannan giɓin karnukan waje suka shigo. Shi Alseshan ɗin, wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa irinsa a 1899 daga karnukan kiwon tumaki. An yi shi ne don ya wuni yana aiki da mutum. Mu kuma muka sayo jikin muka baro aikin, muka haɗa shi da keji da sarƙa. Abin da na yi wa Durwa ke nan.

33/ Kawu ya ƙi karɓar karen. Ya ce, "In na horar da shi, ni zai bi. Zauna nan mako biyu." Na ɗauki hutu na zauna. Darasin farko: abinci daga hannuna kaɗai, kuma sai ya zauna ya dube ni kafin in ajiye kwano. Na biyu: kada in taɓa kiran sunansa don in dake shi. "In ka kira shi ka buge shi, gobe wa zai zo?"

34/ Kalma huɗu kawai ya ce in riƙe: zo, kwanta, bari, je ka. Kowace da murya ɗaya, kada yau in ce "bari" gobe in ce "kai daina". Ya ɗaura masa doguwar igiya, ya jefa fatar zomo. Durwa ya zabura, in ce "bari", in taka igiyar. Ya tsaya, a ba shi ɗan ƙanzo da romo. Safe da yamma, kaɗan-kaɗan, kafin ya gaji a tashi.

35/ Can na ce, "Kawu, ai wannan shi ne sharuɗɗan da ke cikin littafi." Ya yi dariya ya ce shi bai kai nan a karatu ba, haka dai mahaifinsa ya koya masa. Aikawa, tsawatarwa, kira. Abin da malamai suka rubuta shekara dubu baya, shi ne tsoho yake yi a bayan danga da igiyar rama.

36/ Ya kuma haɗa shi da wata tsohuwar karyarsa, ya ce rabin karatun ita za ta yi. Nasa 'yan kwikwiyon cikin kaji da awaki da jikoki suke tashi, shi ya sa ba sa taɓa su. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka wallafa a Amurka a 1965 ya nuna daga mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ke koyon wane ne nasa. Ni a keji Durwa ya yi wani ɓangare na wannan lokaci da watannin bayansa.

37/ Don haka gyaran bai zo da sauƙi ba. Mako biyun somin taɓi ne, sai da na yi kusan wata shida ina maimaitawa a gida. Ranar da na dawo daga ƙauye, asibitin dabbobi na fara tsayawa aka yi masa allura aka ba ni kati. Na kai wa mai unguwa ya gani da idonsa. Duk shekara kuma sai an sabunta.

38/ Masu sha'awa, ga wahalar yau da kullum, kada a ce ban faɗa ba. Kwashe kashi kowace safiya. Kaska da damina, har cikin kunne da tsakanin yatsu. Maganin tsutsar ciki. Abinci: tuwon masara, kan kifi, ƙashi da tarkacen nama daga mahauta, kuma ya san ranar da aka rage. In za ku tafi gida da Sallah, wa zai ba shi ruwa? Wannan kaɗai ya hana ni tafiya sau biyu.

39/ Ga kuma haƙƙin mutane. Ɗakinsa yana can bayan gida, ba ya shiga ɗakunanmu, ba ya zuwa inda ake alwala, kwanukansa daban. Haushin dare sai da na gano rashin motsa jiki ne. Yanzu bayan asuba muna zagaye na minti 40 da igiya a hannu, in na hango masu dawowa daga masallaci in tsallaka ɗaya gefen. Ba kowa ke son kare ya shinshine shi ba, kuma yana da gaskiya.

40/ Ribar fa? Tun zuwansa ba a sake haura mana ba, muna barci. Tumbina ya ragu. Yana gane ƙarar babur ɗina tun daga kan kwana. Haushinsa ma kala-kala ne, na akuya daban, na baƙo daban, uwargida ta fi ni iya fassara su. Yarana kuma sun daina jifan karnuka a hanya ba tare da na hana su ba.

41/ Amma babbar ribar rana ɗaya ce. Bara da azumi, dab da shan ruwa, ƙofa a buɗe ana miƙa kunu. Ban san an kwance Durwa ba. Wani ɗan almajiri, bai fi shekara takwas ba, ya faɗo tsakar gida a guje da robarsa. Sai ganin Durwa na yi ya taso kamar an harba kibiya.

42/ Ina bakin famfo, ko da gudu ba zan kai ba. Na ce, "BARI!" Ya ja birki har ƙura ta tashi, taku biyu tsakaninsa da yaron. Na ce, "Kwanta." Ya kwanta yana huci. Yaron ya karɓi kununsa ya fita yana waiwaye. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a nan bakin famfo na sha ruwa.

43/ Maƙwabcina muna gaisawa lafiya, amma har yau ɗansa ba ya shigowa gidana, kuma ban ga laifinsa ba. Tabon yana nan a ƙwaurin yaron. Sakacina ne, ba na kare ba, kuma ba na wanda ya ba ni shawara a majalisa ba.

44/ Saboda haka, duk wanda rashin tsaro ya sa yake tunanin sayen kare: ka tambayi malaminka, ka shawarci maƙwabtanka, ka yi masa allura yana wata uku, ka ware masa lokaci kullum. In ba ka da lokacin, ka ƙara wa katanga tsawo ya fi maka alheri. Kare marar horo ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci.

45/ Kawu ya tsufa yanzu, karnukansa saura biyu, 'ya'yansa duk suna birni suna tuƙa adaidaita, babu wanda ya gaji igiyar. In kana da irinsa a danginku, ka je ka zauna da shi, ka kunna waya ka naɗi abin da ya sani tun yana iya faɗa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu. Nan zaren ya ƙare.